Baba Ya Fara Jan Ƙafa: Tsufa Ne Ko Hawan Jini?

A taron ƙungiyar manoma da muka yi a Tafoki bayan cire masara, mun ga abin da ya tsaya mana a rai. Dattijon da ya daɗe yana riƙe mana lissafin taki, wanda yakan faɗi buhun kowa da ka, ya tsaya yana juya lissafin buhu 12 har sau uku. Da zai tashi sai da ya dafa kafaɗar jikansa. Takunsa ya gajarce, ƙafa ba ta ɗaguwa daga ƙasa. Aka ce, "Ai Baba tsufa ne." Mu ma haka muka ce. Sai da ɗansa ya kai shi asibiti a Funtuwa aka auna, aka tarar jininsa ya hau ƙwarai.

'Yan'uwa manoma, wanda ya taɓa ban ruwa da inji a fadama zai gane wannan ciwo. In ƙarfin ruwa ya yi yawa, ƙananan hanyoyin da ke shiga fangali su ne ke fara zaizayewa. Zuciya ita ce injin. A cikin ƙwaƙwalwa kuwa akwai jijiyoyin jini sirara kamar gashin kai. Sa'ad da jini ya yi shekaru yana bugunsu da ƙarfi, sai su yi kauri, hanyarsu ta tsuke, abinci da iska su kasa isa wasu wurare. A waɗannan wurare ne saƙo yake bi daga kai zuwa ƙafafu, da su ne kuma mutum yake tsara aikinsa. Shi ya sa abu biyun sukan zo tare. Tsoho ya riƙa tafiya da kyar, yana tuntuɓe a kan kunya, fitsari yana matsa masa. Ga kuma jinkirin tunani: ya san ka, ya san gonarsa, amma a ce ya raba iri da taki gona uku, sai ya rikice. Mukan kira shi gigin tsufa mu wuce.

Wannan ɓarna a hankali take zuwa, ba ciwon kai, ba zazzaɓi. Akwai kuma mai zuwa farat ɗaya, watau shanyewar ɓarin jiki. In baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya mutu, ko magana ta sarƙe, a nemi mota a nufi asibiti nan take. Kada a jira gari ya waye.

Awo kaɗai ke nuna hawan jini. In an auna a ranaku biyu dabam aka sami 140 bisa 90 ko fiye, to, ya hau. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba 1 cikin 3 yana da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. A 2019 an bayyana wani bincike a Amurka kan mutane fiye da 9,000 masu shekara 50 zuwa sama. Waɗanda aka sauke musu jini sosai sun fi sauran tsira daga raunin tunani. Abin da ya riga ya lalace ba ya cika dawowa, amma ana iya kāre saura.

Bari mu leƙa madafa. Gishirin da ya kamata babba ya ci a yini bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, giram 5 ke nan. Amma miyarmu ga gishiri, ga dunƙule biyu ko uku, ga kanwa. Ita ma kanwa dangin gishiri ce wajen ɗaga jini, ko da yake ba mu lissafa ta. Uwargida, a rage waɗannan, a ƙara daddawa da albasa. Sai maganin ciwon gwiwa irin su diclofenac da tsofaffinmu ke saye a kemis. Yawan shansa yana ɗaga jini, yana kuma taɓa ƙoda.

Wanda aka ɗora wa magani, kullum zai sha, ko ya ji garau. Ba kamar na zazzaɓi ba ne da ake gamawa a kwana uku. In yana ganin jiri sa'ad da ya miƙe, ya fara zama a bakin gado kafin ya tashi, a kuma gaya wa malamin asibiti. Kada a hana Baba zuwa gona don tsoron faɗuwa, gama zaman wuri ɗaya ƙara kashe ƙafa yake yi. A yanka masa sanda mai ƙwari, yaro ya raka shi.

Ƙungiyar da ta iya haɗa kuɗi ta sayi injin feshi za ta iya sayen na'urar awon jini mai aiki da batir. A zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su koyi awo wurin malamin asibiti. A bar mutum ya zauna minti 5 kafin a auna shi, a rubuta lambar da ranar a littafi. Mu a Tafoki mun sa awon a farkon taro, kafin a shiga maganar bashin taki, domin bayanta jinin kowa a sama yake.