DALLA-DALLA: Abin da maɓallin ƙara murya ke yi wa kunne, batir da barcin maƙwabta a Sabon Birni da Isa

A garuruwan Sabon Birni da Isa, da ƙauyukan da ke kewaye da su a gabashin Jihar Sakkwato, ƙaramar lasifika mai caji ta samu gurbi a gidaje kusa da rediyo, wadda ta daɗe tana riƙe da wannan matsayi ita kaɗai. Jama'a sun fi kiran ta da sunan MP3. Ana haɗa ta da waya ta Bluetooth, ko a soka mata memori, a saurari karatun Alƙur'ani da asuba, da tafsiri a watan azumi, da labaran BBC Hausa, da saƙon murya da dangi suka turo daga Maraɗi ko Legas.

A jikin wannan na'ura babu abin da hannu ya fi taɓawa kamar maɓallin ƙara murya da rage ta, kuma akasarin masu amfani da ita ba su ɗauki saita shi a matsayin abin da ke buƙatar ilimi ba. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1, 'yan shekara 12 zuwa 35, na cikin haɗarin rasa wani ɓangare na jinsu saboda yadda suke sauraron sauti mai ƙarfi. Baya ga lafiyar kunne, inda aka tsayar da maɓallin yana shafar daɗewar caji da ƙarkon lasifikar, yana kuma shafar zaman lafiya da maƙwabta.

Hanyoyin da sauti ke bi kafin ya iso kunne

Sautin da ke fitowa daga lasifika yakan ratsa ƙofofi biyu zuwa uku, kowace da makullinta. Akwai ma'aunin murya a cikin manhajar da ake saurare da ita, akwai na wayar kanta, sannan akwai na jikin lasifikar. Idan ɗaya daga ciki yana ƙasa sosai, mai saurare zai ga ya ƙure sauran amma sautin bai gamsar ba. Idan kuma duka suna ƙure, waƙa ta gaba na iya fitowa da tsawar da za ta firgita jariri.

A fasahar Bluetooth akwai wani tsari da ke ɗaure ma'aunin waya da na lasifika su zama ɗaya, ta yadda danna maɓallin waya ke motsa na lasifikar kai-tsaye. Tsarin yana sauƙaƙa aiki idan na'urorin biyu sun fahimci juna. A wasu lasifikoki masu araha yakan kawo matsala: mataki ɗaya murya ta yi ƙasa ainun, mataki na gaba ta yi sama fiye da kima. Wayoyin Android suna da wurin kashe wannan ɗauri a ɓoyayyen sashen saituna na masu ƙirƙirar manhaja, inda aka rubuta "Disable absolute volume". Da zarar an kunna wannan zaɓi, ma'aunai biyun za su rabu, mai waya ya samu damar daidaita kowane daban.

Idan da igiya aka haɗa waya da lasifika ko amfilifaya, ƙa'idar da masu aikin sauti ke bi ita ce a kai muryar waya wajen kashi uku cikin huɗu, a bar ta a nan, sannan a riƙa ƙarawa da ragewa daga jikin lasifikar. Waya mai rauni da amfilifaya a ƙure suna haifar da ƙugi da shuuu a bayan sauti, domin na'urar tana ɗaga hayaniyar igiya tare da muryar da ake so.

Dalilin da wani sauti ke fin wani ƙara

Duk mai tara waƙoƙi a memori ya san wannan: bai taɓa maɓalli ba, amma ƙarfin sauti ya sauya daga waƙa zuwa waƙa. Tsofaffin faya-fayen Ibrahim Narambaɗa, makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa, an naɗe su ne da na'urorin zamaninsu, an kuma kwafe su daga kaset zuwa kaset kafin su shigo waya. Waƙoƙin situdiyo na yau kuwa ana matse su da kwamfuta domin kowane sashe ya fito da ƙarfi. Wanda ya ɗaga murya don ya ji kiɗan kotso da kyau, sai sabuwar waƙa ta biyo baya, zai sha ƙarar da bai shirya mata ba.

Manyan kamfanonin da ke watsa sauti ta intanet sun yi wa wannan matsala magani. Spotify yana auna ƙarfin kowace waƙa, ya daidaita su a mataki ɗaya, kuma mai amfani na iya kunna tsarin ko kashe shi a saituna. YouTube yana sassauta bidiyon da ƙararsa ta wuce gona da iri, ya kuma ƙara wani zaɓi mai suna "Stable volume". Gidajen rediyo da talabijin na Turai ma suna da ma'auninsu da Ƙungiyar Kafafen Yaɗa Labarai ta Turai ta fitar a 2010.

Amma wannan gata bai cika isa ga mazauna iyakar Gobir ba, domin yawancin abin da ake saurare a yankin ba daga intanet yake zuwa kai-tsaye ba. Kuɗin data da raunin sabis sun sa an fi dogara da masu tura waƙoƙi a shagunan caji, da Xender, da WhatsApp. A watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda matsalar tsaro, har da Sabon Birni da Isa, memori da rediyo ne suka rage wa jama'a da dama. Sautin da aka tura ta irin waɗannan hanyoyi yana zuwa ne yadda aka naɗe shi, babu mai daidaita shi sai hannun mai saurare.

Lissafin desibel

Ana auna ƙarfin sauti da desibel, kuma lissafinsa ya bambanta da na mudu ko na kilo. Ƙarin desibel 3 kacal na nufin ƙarfin sautin ya ninka sau biyu. Ƙarin desibel 10 na nufin ya ninka sau goma, duk da cewa kunne yakan ji kamar sau biyu kawai aka ƙara. Raɗa tana wajen desibel 30, hira ta yau da kullum wajen 60, babur da injin niƙa kuwa kan haura 85 idan mutum yana kusa da su.

Wannan lissafi yana da tasiri kai-tsaye a kan batir. Don a ji sauti ya ninka a kunne, sai amfilifaya ta fitar da wuta kusan ninki goma. Shi ya sa lasifikar da ke kai wa dare idan an tsayar da ita a tsakiya, takan mutu cikin ɗan lokaci idan an ƙure ta. A yankin da gidaje da yawa suka dogara da sola ko shagon caji na kuɗi, rage murya da mataki biyu ko uku na iya ƙara sa'o'i a kan caji ɗaya.

Haka kuma manyan lambobin watt da ake bugawa a kwalin lasifika ba su cika nuna gaskiyar ƙarfinta ba. Lambar da aka rubuta PMPO a gefenta adadi ne na talla, wanda ke nuna abin da na'urar za ta iya fitarwa cikin ƙiftawar ido. Wadda ake dubawa ita ce ta RMS. Ko a nan ma, lasifika mai watt 20 ba ta fi mai watt 10 da komai ba sai desibel 3, idan sauran ƙirarsu ɗaya ce.

Idan aka tilasta wa amfilifaya ta ba da abin da ya fi ƙarfinta, takan yanke kan igiyar sautin, sai a ji murya ta dushe tana kakkarwa. Wannan gurɓataccen sauti yana zafafa siririyar wayar da ke naɗe a cikin lasifika har ta ƙone. Kakkarwar alama ce ta a rage nan take.

Nisa ma yana cikin lissafin. A fili, duk lokacin da aka ninka tazara tsakanin mutum da lasifika, sauti na raguwa da kusan desibel 6. Matso da na'urar kusa da masu saurare a tsakar gida ya fi ajiye ta a bakin zaure a ƙure ta.

Abin da ke faruwa a cikin kunne

Bayan dodon kunne akwai wani ɗan sashe mai siffar katantanwa, wanda a cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, wajen dubu 15 a kowane kunne. Su ne ke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai tsanani tana gajiyar da su, shi ya sa mutum kan ji kunnensa ya toshe ko yana ƙugi bayan ya taso daga wajen biki. Idan aka huta sukan farfaɗo, amma idan abin ya yi ta maimaituwa sai su mutu, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa.

Lahanin yana shigowa a hankali ba tare da ciwo ba. Abin da ke fara tafiya shi ne jin siraran sautuka, sai mutum ya riƙa jin ana magana amma kalmomi na kuɓuce masa, musamman a kasuwa ko a taro. Daga nan sai ya ƙara murya don ya ji, ƙarin kuma ya ƙara ɓarnar.

A 2019 WHO da Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, sun fitar da ma'aunin saurare cikin aminci. Babban mutum na iya sauraron desibel 80 na tsawon sa'o'i 40 a mako, yaro kuwa desibel 75 ne iyakarsa na wannan tsawon lokaci. Da an haura, lokacin sai ya ruguje: a desibel 90 sa'o'i 4 ne kawai a mako, a desibel 100 minti 20. Kuma kunne ba ya ware tushen ƙarar. Ɗan acaɓa ko mai injin niƙa da ya wuni cikin ruri ya riga ya cinye kasonsa kafin ya sanya iyafis da dare. Tafsiri da waƙa duk ɗaya suke a wannan ma'auni, ƙarfi da tsawon lokaci kaɗai ake lissafawa.

Rahoton da WHO ta fitar a 2021 kan ji ya nuna mutum fiye da biliyan 1.5 na da wani mataki na raunin ji a duniya, kuma adadin zai iya kai wa kusan biliyan 2.5 nan da 2050. A arewacin Najeriya, inda sanƙarau da ƙyanda suka daɗe suna bar wa yara kurumta, ƙarar na'urori ƙari ce a kan nauyin da ake da shi.

Doka, maƙwabtaka da tsaron dare

Najeriya na da dokar hana hayaniya ta 2009, wadda hukumar kula da muhalli ta NESREA ke da alhakin aiwatarwa. Dokar ta ƙayyade desibel 50 da rana a unguwannin zama, da 35 da dare, wato daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. WHO kuma ta ba da shawarar kada hayaniya ta wuce desibel 30 a ɗakin kwana. A garuruwan karkara, inda jami'an awon sauti ba su cika zuwa ba, mai unguwa da liman da dattawan gida ne ke raba irin wannan gardama, kuma haƙƙin maƙwabci da addini ya jaddada shi ne hujjar da aka fi ji.

Akwai kuma wani dalili da ya keɓanta da wannan yanki. Sabon Birni na iyaka da Jamhuriyar Nijar, Isa kuma na maƙwabtaka da Shinkafi ta Jihar Zamfara, kuma shekaru ke nan 'yan bindiga, ciki har da gungun Bello Turji, suna addabar ƙauyukansu. A irin wannan hali, rurin babura daga nesa, ko haushin karnuka, ko kiran maƙwabci ta kan katanga, na iya zama gargaɗin farko da iyali za su samu. Sauti mai ƙarfi a kusa yana danne mai rauni da ke nesa. Lasifikar da ke tashi a tsakar gida, ko iyafis a kunnuwa biyu, tana toshe wannan kafa a daidai lokacin da ake buƙatarta.

Yadda ya kamata a saita

Kafin a haɗa waya da lasifika, ko a kunna sabon abu daga memori, a fara rage murya ƙasa, sannan a ɗaga a hankali. Ga masu iyafis, shawarar WHO ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarshen ma'auni, kuma a riƙa ba kunne hutu. Ga lasifikar ɗaki akwai gwaji mai sauƙi: idan sai an ɗaga murya kafin wanda ke tazarar hannu ya ji magana, sautin ya yi yawa.

Gargaɗin da waya ke nunawa idan an zo ɗaga murya da iyafis yana da tushe. Ƙa'idar Tarayyar Turai ce ta tilasta wa masu ƙera na'urori su tsayar da sauti a desibel 85 sai mai waya ya amince da kansa, kuma a sake tambayarsa bayan sa'o'i 20 na saurare. Wayoyin Samsung suna da wurin ƙayyade iyakar murya tare da kulle ta da lambar sirri, iPhone ma na da irinsa a sashen kare kunne. Iyayen da ke miƙa wa yara waya za su amfana da wannan. Kada kuma a ajiye lasifika kusa da kan jariri, ko a bar yara su zauna gaban manyan lasifikokin biki.

Wanda ƙugi ya ƙi barin kunnensa, ko ya lura yana yawan cewa a maimaita masa magana, ya kamata a auna jinsa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato na da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. WHO ta samar da manhajar hearWHO kyauta, wadda ke gwada ji cikin 'yan mintuna da waya da iyafis, ko da yake ba ta maye gurbin ganin likita. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Ji ta Duniya, lokacin da asibitoci da ƙungiyoyi a ƙasashe da dama ke wayar da kan jama'a su kuma gwada kunnuwansu.