Igiya Mai Ƙulli Uku

Mai karatu, ka taɓa ganin wanda ya yi wa Allah wa'adi ba zai mallaki ko anini ba? Haka 'yan'uwan Faransis na ɗariƙar Katolika suke. Faransis ɗan attajirin tufafi ne a Assisi, ƙasar Italiya. Ya bar gadon ubansa, ya koma jiyyar kutare. A 1209 Paparoma ya amince da ƙungiyarsa.

Har wa yau suna ɗamara da igiya mai ƙulli uku, wato talauci, zama ba aure, da biyayya. Da asuba sukan taru su yi addu'a, da rana su yi aiki, su ziyarci marasa lafiya. Abin da ɗaya ya samu na dukansu ne. Mu fa, maƙwabcinmu yana da rabo cikin rumbunmu?