Dara, lido da karta: wayo ko sa'a?

Yara, in kun bi ta bakin kasuwar Dakoro da la'asar, za ku ga dattawa zaune a inuwa suna dara. Can gefe kuma samari suna lido ko karta. Duka wasa ne, amma ba hanya ɗaya ake ci ba. Wani wasan da wayo ake cin shi, wani kuma sai da sa'a. Akwai kuma wanda ya haɗa biyun.

Mu fara da dara. Ana haƙa gurabe 30 cikin rairayi: layi 5, kowane layi gurbi 6. Mutum biyu ke yin ta, kowa da ƴaƴa 12. Wannan ya ɗauki guntayen kara, wancan ya ɗauki tsakuwa. Da farko suna dasa ƴaƴan bi da bi. In an gama dashe, sai a fara tafiya, gurbi ɗaya gaba, baya, dama ko hagu. Wanda ya jera uku a layi ya ci, sai ya cire ɗa guda na abokin wasansa. A dara ba abin da ke ɓoye, kowa na ganin ƴaƴan kowa. Saboda haka wanda aka cinye ba ya iya cewa: "Ban yi sa'a ba." Lissafi ne bai yi ba.

Lido kuwa daban yake. Asalinsa wani tsohon wasa ne na Indiya, kuma a Ingila aka fito da irin wanda muke yi, a shekarar 1896. Ɗan lidon da ake jefawa yana da fuska 6. Ba ka fita daga gida sai ka sami shida. Cikin fuska 6, guda ɗaya ce ke da shida. In ka jefa sau 60, shida za ta fito wajen sau 10, ko ta ɗan fi, ko ta ɗan kasa. Hura ma ɗan lido iska ba ya ƙara komi. Wayonka kaɗan ne a nan: ka zaɓi ɗan da za ka matsar, ka kauce ma wanda ke bayanka.

Karta tana tsakiya. Mu ɗauki belot, wadda ta zo mana daga Faransa. Ana yin ta da kati 32, mutum huɗu, biyu-biyu. Kowa yana samun kati 8. Rabon kati ba ya hannunka, wannan sa'a ce. Amma tuna katin da ya riga ya faɗi, da gane abin da abokinka ke riƙe, wannan aikin kai ne.

To, yaya za mu gane gwani? Ba da wasa ɗaya ba. Ɗan koyo yana iya cinye gwani sau ɗaya, in kati mai kyau ya faɗo masa. Amma in suka yi wasa 20, sa'a za ta je nan, ta je can, sai gwani ya fi yawan ci. Sa'a baƙuwa ce, ba ta daɗewa gidan kowa.

Wannan ne mai caca ya manta. Ya ci yau, sai ya ɗauka gobe ma haka. Ya sa kuɗin hatsin gida, ya dawo hannu wofi, yara su kwana da yunwa. Shi ya sa addini ya hana caca, iyaye ma suka hana.

In an cinye ka, kada ka yi fushi. Ka tambayi kanka: "Mine ne ke hannuna, mine ne ba ya hannuna?" Abin da ke hannunka, shi za ka gyara.

Tambayoyi
1. Gurabe nawa ne a dara? In an gama dashe, nawa suka rage wofi?
2. Don mi mai dara ba ya iya cewa bai yi sa'a ba?
3. A belot, mine ne sa'a, mine ne wayo?

Aiki
Ku jefa ɗan lido sau 60. Ku rubuta sau nawa shida ta fito, ku gwada da na ƴan ajinku.