Nonon Ruga, Madarar Gari da Maganar Masana'anta a Dutsin-Ma

Da zarar rani ya kankama, sai tsohuwar magana ta dawo a kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma da rumfunan masu fura a Kurfi: wai nonon yanzu bai san saniya ba, madarar gari ce ake damawa a bar ta ta kwana, gari na wayewa a zuba a ƙwarya a rufe da faifai. Wasu har cewa suke guba ce. Daga nan sai majalisa ta rabu biyu, masu cewa gwamnati ta hana sayar da shi, da masu cewa ta gina mana masana'antar madara kowa ya huta. Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da manufar madara ta ƙasa a watan Yunin 2024, Shugaba Tinubu kuma ya ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi a watan Yulin 2024, masu kiran a gina masana'anta suka ƙara samun bakin magana.

Akwai gaskiya a jita-jitar. Ana haɗa nono da madarar gari, ana ƙara ruwa, ana zuba farin garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri da tsami. Kilo ɗaya na madarar gari yana ba da kimanin lita 8, kuma mai tallar da shanun gidansu suka tafi cin rani ba za ta yarda abokan cinikinta su koma wurin wata ba. Madarar garin kanta ba guba ba ce, ko da yake mai arhar cikinta an cire mata man shanunta an maye shi da man itatuwa, yawanci na kwakwar manja. Sayar da ita da sunan nonon ruga algus ne, wannan babu jayayya. Amma abin tsoron yana cikin ruwan da aka dama ta da shi, da hannun da ya dama.

Nonon rugan da muke yabo ma ba a ce komai nasa lafiya ba. Mutane da yawa sun ɗauka tsami yana kashe kowace cuta. Yana rage wasu, amma ƙwayar tarin fukan shanu da ta bakkale, cutar da ke sa saniya ɓari ta kuma sa wa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, suna iya rayuwa kwanaki cikin nonon da ba a dafa madararsa ba. Wuta ce maganinsu. Macen da ke tafasa madara kafin ta zuba ragowar nonon jiya ta kwantar da kindirmo, ta riga ta yi babban aikin da injin masana'anta ke yi, wato ɗumama madara zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na rabin awa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke ɗaukar masana'anta kamar ita ke haifar da madara. Mu yi lissafi. Farar saniyar Bunaji, wadda ta fi yawa a garkunanmu, abin da ake tatsa daga gare ta bayan maraƙi ya sha bai cika wuce lita ɗaya zuwa biyu a rana ba, shi ma da damina ke nan. A watan Maris da Afrilu, lokacin da harawa ta ƙare, karan gona ya zama ƙura, ana kakkaɓo 'ya'yan gawo ana sassaƙe rassa don dabba ta samu abin sawa a baki, wata ko rabin lita ba ta bayarwa, kuma makiyayi mai hankali yakan bar wa maraƙin. Ƙaramar masana'anta mai buƙatar lita 5,000 kullum, idan kowace saniya ta ba da lita ɗaya da rabi, tana neman shanun tatsa fiye da 3,300. Idan aka koma rabin lita, sai 10,000. Shanun nan kuma ba a gona ɗaya suke ba. Suna warwatse a rugage daga Karofi da Makera zuwa Birchi da Wurma da Rawayau, wasu ma sun yi kudu neman ciyawa. Injin kuwa bai san rani ba, albashin ma'aikata da kuɗin gas ɗin janareta suna nan daram ko madara ta zo ko ba ta zo ba.

Sai kuma lokaci, wanda shi ne ainihin abokin gaba. Madara tana fitowa daga hantsa da ɗumin jikin saniya, kuma babu abin da ƙwayoyin cuta suke so kamar wannan ɗumi. Allah ya sa mata wata kariya ta halitta da ke riƙe su na ɗan lokaci, awa biyu ko uku a irin zafinmu. Bayan nan sai su fara ninkuwa, wasu duk bayan rabin awa. Abin da ke ninkuwa duk rabin awa, cikin awa huɗu ya zama ninki 256. Shi ya sa ƙa'idar duniya take cewa a sanyaya madara zuwa digiri 4 cikin awanni kaɗan da tatsa. Wadda aka tatsa da hantsi a bayan Tsauri, aka zuba a jarkar roba wadda ba ta wankuwa sosai, aka ɗora a babur ana ratsa rana, kafin ta isa bakin ƙofar masana'anta ta fara juyawa. Ma'aikaci zai ɗiba kaɗan ya gwada, ya ga ta guntse, ya ce a koma da ita. Idan kuma an yi wa saniyar allurar kashe ƙwayoyin cuta jiya ko shekaranjiya, ragowar maganin da ke cikin madararta yana iya hana tanki guda zama yogot. Bafulatana ba ta da wannan fargaba, domin ita tsamin take nema. Kwantar da nono dabara ce ta adana madara a ƙasar da babu firji, kuma ta yi wa mutanenmu aiki ɗaruruwan shekaru.

Mu mutanen wannan yanki ba sai an je da mu nesa ba kafin mu gane. An kammala madatsar ruwa ta Zobe a 1983, ruwa ya taru maƙil, amma aikin tace shi da tura shi ta bututu zuwa garuruwa sai a watan Yulin 2021 Shugaba Buhari ya zo ya ƙaddamar da shi. Shekara 38 ana kallon ruwa ana sayen na garuwa. Masana'antar madara da ba a shirya mata hanyar tattarawa ba haka take, sai dai a juye: famfon ne aka gina, babu bututun da zai kawo masa komai. Tarihin ƙasar nan cike yake da irinta. Turawan mulki sun sarrafa man shanu da cuku a Vom tun kafin samun 'yanci. Gwamnatocin da suka biyo baya sun kafa wuraren sarrafa madara a Kaduna da wasu biranen Arewa, yawancinsu suka riƙa aiki ƙasa da ƙarfinsu, suka koma dama madarar garin waje, ƙarshe suka durƙushe. Masana'antar da ta rasa madarar ruga, abin da mai talla take yi da rani shi take yi, bambancin kawai ita tana da kwali da lambar NAFDAC.

To me gwamnatin jiha take da iko a kai? Ba ta da iko kan abin da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Legas. Harajin shigo da madarar gari a buhu kashi 5 ne cikin ɗari a tsarin harajin bai-ɗaya na ECOWAS, kuma tun da Tarayyar Turai ta cire ƙayyade yawan madarar da manomanta za su samar a 2015, rarar ta riƙa kwararowa Afirka ta Yamma. Jami'an tarayya da kansu suna cewa Najeriya na kashe kimanin dala biliyan ɗaya da rabi a shekara wajen sayo madara daga waje. Babban Bankin Najeriya ya gwada matsawa a watan Fabrairun 2020, ya taƙaita ba da kuɗin waje na shigo da madara ga kamfanoni shida da suka yi alkawarin zuba jari a cikin gida. Kamfanin Arla ya buɗe gonarsa a Damau ta jihar Kaduna a 2023, FrieslandCampina WAMCO mai madarar Peak kuma ya daɗe yana tattara madara daga Fulanin jihar Oyo. A watan Maris na 2024 bankin ya janye takunkumin. Duk wannan a Abuja ake yanke shi, Katsina sai dai ta ji a rediyo.

Ƙayyade farashi ma ba zai yi ba. Idan jiha ta tsawwala kuɗin lita, masana'anta za ta koma wa buhun gari. Idan ta karya shi, mata za su ɗauki ƙoransu su nufi kasuwa. Hana talla kuwa an gwada shi a Kenya, inda aka shekara da shekaru ana farautar masu sayar da ɗanyar madara, alhali mafi yawan madarar ƙasar ta hannunsu take bi. Sai a 2004 hukumomi suka sauya hanya, suka koma horar da su da ba su lasisi. Mu ma mun ɗanɗana yadda doka ɗaya ke girgiza kasuwa. A ƙarshen watan Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu kan dokar tsaro da ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, har da Dutsin-Ma da Safana da Batsari, ta kuma taƙaita zirga-zirgar babura da dare. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Dutsin-Ma da Kurfi na ciki. An yi don maganin 'yan bindiga, kuma babu wanda zai ce ba a cikin bala'i ake ba. Amma duk mai shirin harkar madara a nan dole ya sa wannan a lissafi, domin sana'a ce da ke tafiya a kan babur da sassafe, kuma satar shanu ta riga ta kori garkuna da dama daga yankin.

Abin da ke hannun jiha ya fi abin da ba ya hannunta amfani, sai dai ba ya ɗaukar hoto. Ƙasa tata ce, burtali da mashaya da makiyaya nata ne. Dajin Ruma da Kukar Jangarai, nan yamma da mu wajen Runka, yana cikin wuraren kiwo na farko da aka gyara a Arewa a shekarun 1960 da taimakon Amurka, zamanin da aka yi dokar makiyaya ta 1965. Yau sunan dajin Rugu na wannan yanki kawai ake ambata mutane su yi shiru saboda 'yan bindiga. Malaman dabbobi na jiha ne, duba-gari da kasuwanni na ƙananan hukumomi ne. Ga ruwan Zobe da za a iya noman ciyawa da shi da rani, ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011 tana da tsangayar aikin gona, ga cibiyar NAPRI a Shika da ta daɗe tana barbarar Bunaji da shanun waje. Kuɗin gini guda mai ƙaton allo a bakin titin Katsina zai iya kafa ƙananan wuraren tara madara da yawa, kowanne da tankin sanyi mai aiki da hasken rana, da gwangwanayen ƙarfe masu wankuwa, da ɗan ma'aunin da ke tona asirin ruwa, a inda mace za ta iso da ƙafa cikin awa ɗaya. Haka Indiya ta yi. Ƙungiyar manoman Anand ta fara a 1946 da tara madara ƙauye-ƙauye safe da yamma, a auna maiƙonta a gaban mai ita, a biya ba tare da jan rai ba. Shirin da ya bazu a ƙasar daga 1970 a kan wannan tubali aka ɗora shi, manyan injuna daga baya suka zo.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba a ɗakin taro, saboda masu amsarta ba sa cikin ɗakin: madarar ta wace ce? A ruga shanu na maigida ne, amma nono na uwargida ne. Ita ke kaɗa shi ta fid da man shanu ta sayar daban, ta sayar da nonon ludayi-ludayi, ta haɗa da fura ta ƙara riba. Da kuɗin take sayen gishiri da sabulu da magani, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki. Ann Waters-Bayer, wadda ta yi bincike a tsakanin Fulanin kudancin Kaduna a shekarun 1980, ta nuna cewa abin da matan ke samu a wannan hanya ya fi abin da masana'anta ke biya nesa ba kusa ba. Saboda haka idan ta ƙi kai madararta wurin tarawa, ba jahilci ba ne, lissafi ta yi. Kuma sau da yawa idan jami'i ya zo rajista, Arɗo yake nema, sunan mai shanu yake rubutawa, kuɗi ya faɗa a asusun maigida. Madarar ta bar ƙwarya ta koma gwangwani, kuɗin kuma ya bar hannun mai dafa abincin gida.

Ina ganin duk dokar da Majalisar Dokokin Katsina za ta yi kan madara, nan ya kamata ta fara. A rubuta sunan mai tatsa, a biya ta a hannunta duk mako, a bar mata 'yancin kai rarar damina wurin tarawa ta riƙe na rani don masu furarta. Mai sayar da na gari a ce ta faɗa wa mai saye, kada a ƙwace mata ƙwarya. Duba-gari ya je da ma'auni da koyarwa kafin ya je da rasit ɗin tara. Hakiman yankin nan, Yandakan Katsina da Maraɗin Katsina, suna da dagatai da arɗaɗɗan da suka san kowace ruga da ta rage a ƙasarsu, da adadin shanun da ke kwana a cikinta a watan Afrilu. A fara tambayarsu wannan adadin kafin a kira ɗan kwangila.