Kafin Ka Canja Furosesar Kwamfutarka Ta Gem, Karanta Wannan

Na san da yawa daga cikinmu muna son buga gem, wasu a waya, wasu a gidan gem, wasu kuma a kwamfutar yayyensu. Yau zan yi bayani ne a kan wata tambaya da ta kusa cinye wa yayana kuɗin da ya shafe wata bakwai yana tarawa. Tambayar ita ce: idan gem ya fara maƙalewa, shin furosesa za a canja? In kuma za a canja, yaushe?

Yadda abin ya faro

Yayana yana da kwamfutar tebur da ya haɗa da kayan hannu. Da rana yana yi wa mutane katin biki da fosta da ita, da daddare kuma mu buga ƙwallo. A lokacin hunturun da ya wuce sai ta ɓullo da wani hali. Za mu fara wasa lafiya lau, amma bayan kamar minti ashirin sai hoto ya dinga tsattsayawa. Ka danna ka ba da fasin, kafin ɗan wasanka ya motsa an ƙwace ƙwallon. Abokinsa ya zo ya gani, nan take ya ce, "Ai furosesarka ce ta tsufa, canja ta kawai." Yaya ya ƙirga kuɗinsa, ya ɗauki kwamfutar, ni kuma na bi shi wurin mai gyara. Abin da na koya a shagon nan, da wanda na ƙara bincikawa daga baya, shi na kawo muku.

Mene ne aikin furosesa?

Ku ɗauki kwamfuta kamar shagon tela ana saura kwana uku Sallah. Akwai oga mai auna yadi ya yanka, akwai kuma yaran shago masu ɗinki a kan keke. Furosesa ita ce ogan. Ita ke lissafa inda ƙwallo za ta faɗa, da inda kowane ɗan wasa zai ruga, da abin da zai faru idan ka danna maɓalli. Katin hoto kuwa shi ne masu ɗinkin. Shi yake karɓar lissafin ya zana filin da ciyawa da rigunan 'yan wasa a kan allo. Ram shi ne teburin da ake baza yadin a kai. In teburin ƙarami ne, aiki ba zai yi sauri ba ko da ogan gwani ne.

Motsin da muke gani a gem ba komai ba ne illa hotuna masu yawa da ke wucewa da sauri. In kwamfuta tana fitar da hoto 60 a sakan ɗaya, wasa zai tafi sumul. A 30 ma ana iya bugawa. In ya yi ƙasa da haka sosai, nan ne ido zai fara ganin tsattsayawa.

To ga inda maganar take. Idan oga yana yanka da sauri amma masu ɗinki ne ba sa sauri, ko ka kawo ogan da ya fi kowa a gari, kayan da za a gama a rana ba za su ƙaru ba. Yadin da aka yanka zai taru ne kawai a gefe. Haka idan katin hoto ne ya gaza, sabuwar furosesa ba za ta ƙara maka komai ba. Saboda haka aikin farko shi ne a gano wanda ke jan aiki baya.

Gwaji uku da ba sa cin ko sisi

Na farko, a duba zafi. Da mai gyaran ya ji cewa sai an yi minti ashirin matsalar take farawa, bai ma kunna kwamfutar ba, sai ya kwance murfin gefe. Ƙurar da muka gani ta ba ni kunya. Ta toshe ƙarfen da ke sanyaya furosesa kamar an liƙa masa auduga, fanka tana juyawa amma iska ba ta ratsawa. Ya ce furosesa tana da dabarar kare kanta. In zafinta ya kai wajen digiri 95 zuwa 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ya hure ƙurar da bulowa. Sannan ya ɗaga ƙarfen, ya goge wani busasshen abu da ke kan furosesar, ya ɗiga sabo. Abin yana kama da man goge baki, aikinsa shi ne ya kai zafin furosesa jikin ƙarfen. In ya daɗe yakan bushe. Bayan wannan muka buga awa guda a shagon, hoto bai tsaya ko sau ɗaya ba.

Na biyu, a rage kaifin hoto. A cikin saitin yawancin gem akwai wurin zaɓar girman hoto. A mayar da shi daga 1080 zuwa 720, a kuma rage inuwa da sauran kwalliya. Yin haka yana sauƙaƙa wa katin hoto aiki, amma aikin furosesa kusan yana nan yadda yake, don lissafin ƙwallo da 'yan wasa 22 bai ragu ba. Idan wasan ya ƙara sauri sosai, to katin hoto ne ya gaza. Idan kuwa an rage komai amma gudun yana nan inda yake, to yanzu ana iya zargin furosesa. Sai dai a tabbata ba a ƙayyade wa gem ɗin iyakar hotuna a saiti ba, don in an ɗaure shi a 60 ba zai wuce nan ba ko me aka rage.

Na uku, a leƙa Task Manager. A Windows, in ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, zai buɗe. Yana nuna yawan aikin da kowane ɓangare yake yi. In kana cikin wasa katin hoto yana kusan kashi 100, to yana iyakar ƙoƙarinsa, furosesa ba ta tsayar da shi ba. In kuwa yana zaune a wajen rabi, wasa kuma yana tsattsayawa, alama ce yana jiran oga ya yanko masa aiki. A nan kuma za ka ga ko ram ya cika, da ko wasu manhajoji suna cin ƙarfin kwamfutar a ɓoye.

Da aka yi wa tamu gwaji na biyu, gudun ya tashi sosai. Mai gyaran ya dubi yaya ya ce, "Samari, da ka sayi furosesar nan, da ka sayi abin da ba shi ne ciwonka ba."

In furosesar ce fa?

Akwai lokacin da canjin ya dace. Ga alamominsa. An share ƙura, zafi daidai, ram bai cika ba, an rage kaifin hoto amma babu canji. Ko kuma gem ɗin da kake so ya rubuta mafi ƙarancin furosesar da yake buƙata, taka kuma ba ta kai ba. Ko wasa yana tafiya lafiya sai an shiga wurin da ke da mutane da motoci da yawa ya dinga sarƙewa. Akwai kuma dalilin da ba na gem ba. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida ba ta karɓar galibin furosesoshin Intel da ke ƙasa da tsara ta 8.

Amma ko an tabbatar, ba a shiga kasuwa da ka. Akwai tarkuna huɗu.

Tarko na farko shi ne gurbi. Furosesa tana zama ne a wani gurbi a kan babban allon da ke haɗa komai, wanda masu gyara ke kira madabod. Kowane gurbi da irin furosesar da ke shiga cikinsa. Ta Intel ba ta shiga allon AMD, ta AMD ba ta shiga na Intel. A Intel ɗin ma, tsara ta 10 da ta 11 suna amfani da gurbin LGA1200, tsara ta 12 da 13 da 14 kuma LGA1700. Wani abin mamaki, tsara ta 6 zuwa ta 9 duk sunan gurbinsu LGA1151, amma ta 8 da ta 9 ba sa aiki a allon ta 6 da ta 7. AMD kuwa ta daɗe a gurbin AM4. Ryzen na farko da ya fito a 2017 da Ryzen 5000 na 2020 duk nan suke zama. A 2022 ta fito da AM5, wanda ba ya karɓar ram sai DDR5. Ma'ana, wani lokaci canja furosesa ɗaya zai ja ka ka canja allo da ram gaba ɗaya, kuɗin ya ninka. Don haka ka fara karanta sunan allonka, ka duba jerin furosesoshin da yake karɓa a shafin kamfanin da ya yi shi.

Tarko na biyu shi ne suna. Da yawanmu mun ɗauka i7 ta fi i3 a kowane hali. Ba haka ba ne. Core i7-3770 ta fito a 2012, Core i3-12100 kuma a 2022. Kowaccensu ƙwaya huɗu gare ta, wato kamar hannuwa huɗu masu aiki lokaci guda, amma i3 ɗin ta fi i7 ɗin gudu nesa ba kusa ba, don shekara goma ce tsakaninsu. Lambar da ke bayan layin ita ke faɗin tsara: 3770 tsara ta 3, 12100 tsara ta 12. In mai sayarwa ya ce maka "i7 ce fa", ka tambaye shi, ta wace tsara?

Tarko na uku shi ne BIOS. Wata 'yar manhaja ce a cikin allo, ita ke fara tashi in an kunna kwamfuta. Tsohon allo ba zai gane sabuwar furosesa ba sai an sabunta masa ita, kuma a yawancin alluna dole a yi hakan tun tsohuwar furosesar tana ciki. Ga babban haɗarin a wurinmu: in aka ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa, allon yana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Kada a yi wannan aiki sai a kan inbata ko UPS.

Tarko na huɗu shi ne hoto da fil. Ba kowace furosesa ce ke iya nuna hoto da kanta ba. Ryzen 5 5600G tana iyawa, Ryzen 5 5600 ba ta iyawa sai da katin hoto. A Intel, waɗanda lambarsu ta ƙare da F su ma ba sa iyawa. Harafi ɗaya ne bambancin, amma in ba ka da kati, allo zai tsaya baƙi ƙirin. In kuma ta hannu za a saya, a duba ƙasanta da kyau. Furosesoshin AM4 suna da siraran fil masu yawa, ɗaya in ya karye ana iya rasa ta. A sa a gwada a gabanka kafin ka biya.

Masu laftof kuwa, ku huta da wannan tunani. A yawancin na zamanin nan an narka furosesa ne a jikin allo, ba ta cirewa. Abin da za ku iya shi ne share ƙura, da ƙara ram ko sa SSD in tana karɓa.

Abin da yaya ya yanke

Furosesarsa Ryzen 3 1200 ce ta 2017, katinsa kuma GTX 1050 Ti. Ram ɗinsa sanda ɗaya ne mai giga 8. Ya biya kuɗin shara, ya sayi sanda ta biyu irin ta farko, don sanduna biyu suna buɗe hanya biyu tsakanin ram da furosesa maimakon ɗaya. Sauran kuɗin ya mayar gida yana ƙarawa don sayen katin hoto.

A hanya na tambaye shi, "Yaya, ke nan ba za ka taɓa canja furosesar ba?"

Ya ce, "Zan canja mana. Ranar da na sa kati mai ƙarfi, ita za ta koma mai jan aiki baya. A lokacin sai in sabunta BIOS, in sa 5600 a gurbin nan nawa, ba sai na sayi sabon allo ba. Amma yanzu da sauranta."

Na ce, "To in sabuwa ta fito kafin nan fa?"

Ya yi dariya ya ce, "Kullum sabuwa fitowa take yi. In ka ce za ka bi su, ba za ka taɓa ajiye ko kwabo ba."

A taƙaice

Kafin a kashe kuɗi, a yi waɗannan bi da bi:

1. A share ƙura, a duba zafi.
2. A rage kaifin hoto, a ga ko gudu ya ƙaru.
3. A leƙa Task Manager, a ga wa ke jiran wani.
4. In furosesar ce, a duba gurbi da tsara da BIOS.
5. A lissafa kuɗin komai, har da allo da ram in za su canja.

Sannan kada wani ya je gida ya kwance kwamfutar babansa ya ce a allon makaranta ya karanta. A cire ta daga wuta tukuna, kuma a yi aikin tare da babba ko mai gyara. Duk wanda yake da tambaya ya rubuta ya jefa a akwatin kulob, abin da na sani zan amsa, wanda ya fi ƙarfina in kai wa malamin kwamfuta. Jarrabawa ta kusa, don haka ni ma yaya ya ce ba gem sai an yi hutu.

Daga wakilin kulob ɗin 'yan jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare