Kwana Huɗu A Kan Kogin Nilu

Dattawanmu da suka tafi karatu Ingila kafin jirgin sama ya yawaita sukan ba da labarin wani jirgin ruwa mai suna Aureol, wanda yakan tashi daga Ikko ya yi wajen mako biyu a teku kafin ya kai su. An daina wannan zirga-zirga a 1974. A wancan zamani mutum yakan shiga jirgin ruwa ne domin ya kai inda za shi. Yau kuwa akwai masu biyan kuɗi su shiga jirgi don jirgin kansa. A ciki za su kwana, a ciki za su ci, gari ya waye su tarar an kai su wani gari, su sauka su yi kallo, da yamma su komo masaukinsu yana jiransu a bakin ruwa.

Na san wani zai ce, ina ruwan malamin makaranta da wannan? Ni ma dā haka nake cewa. Amma ƙanen maiɗakina yana aiki a Masar, ya daɗe yana cewa mu zo, har ya ɗauki nauyin kuɗin jirgin sama. Mu kuwa muka yi shekara uku muna adashi, muka haɗa da kuɗin masarar da muka sayar, muka tafi a watan Disamba na 2022. Kuɗin da aka tara da gumi haka ba na wasa ba ne, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da muka koya, ko wani ya tsira daga kurakuran da muka yi.

Abu na fari shi ne lokaci. Jiragen yawo na Kogin Nilu suna kai da kawowa ne tsakanin Luksor da Aswan, tafiyar kilomita 200 da ɗoriya a kudancin Masar. Daga Yuni zuwa Agusta zafin wurin yakan wuce awo 40, ga shi yawancin abin da za a kalla dutse ne a fili, babu inuwa. Watau dogon hutunmu na malamai ya faɗa daidai lokacin da bai dace ba. Lokaci mai kyau shi ne daga Oktoba zuwa Afrilu, sai dai a makon Kirsimeti da sabuwar shekara farashi yakan hau ƙwarai. Mu muka shiga mako guda kafin Kirsimeti. Kada kuma sunan Masar ya ruɗe ku ku bar rigar sanyi a gida. Da dare a kan ruwa, sanyin ya tuna mini da Jos cikin hunturu.

Kogin yana gangarowa ne daga kudu zuwa arewa. Saboda haka wanda ya shiga a Aswan yana bin ruwa, yawanci kwana uku ne. Wanda ya shiga a Luksor yana haurawa, kwana huɗu. Abin da za a gani kusan ɗaya ne, amma na kwana huɗu ya fi sauƙin gaggawa, shi muka zaɓa. Takardu kuwa, sai fasfo mai sauran rai aƙalla wata shida, da biza, da katin allurar shawara, gama Masar tana neman wannan kati daga mai fitowa daga Nijeriya.

Yanzu ga inda na fi so mai karatu ya kasa kunne, wato zancen kuɗi. Na ga farashi iri uku, na zaɓi mafi araha ina murna na yi wayo. Ashe araha ba ta ado. Kuɗin da na biya na ɗaki ne da abinci sau uku kawai. Ruwan kwalba, ka saya. Shiga kowane haikali, ka sayi tikiti. A Kwarin Sarakuna, inda akwai kaburbura fiye da 60, tikiti ɗaya na kabari uku ne, kabarin Tutankhamun kuwa, wanda Howard Carter ya gano a 1922, da nasa tikitin dabam. Sa'an nan ga abin da Masarawa ke kira bakshish, wato na goro: mai ɗaukar kaya, direba, ja-gora, har a daren ƙarshe a ajiye maka ambulan a ɗaki domin ma'aikatan jirgi. Ba na ƙyashin wannan, gama na ga yaran nan suna aiki tun asuba har tsakar dare. Abin da ya dame ni shi ne ban sa shi cikin lissafi ba. Da muka zauna muka haɗa duka, abin da muka ƙara ya kusa rabin abin da na biya da fari, har ya zama dole mu taɓa kuɗin tsaraba.

Don haka kafin ku biya ko kwabo, ku sa a rubuta muku dalla-dalla: da tikitin wuraren kallo ko babu? Da ja-gora, kuma da wane harshe zai yi magana? Wa zai ɗauko ku daga filin jirgin sama? In kun fasa, nawa za a mayar muku? Ku nemi sunan jirgin kansa, kada ku yarda da “jirgi mai kyau irin wancan”. Ku kuma tanadi katin banki mai aiki a waje, domin tun 2023 da yawa daga cikin manyan wuraren kallon Masar sun daina karɓar tsabar kuɗi a bakin ƙofa.

Ɗakinmu yana hawa na ƙasa, can baya kusa da inji. Daren fari ban runtsa ba saboda gurnaninsa da warin mai. Mai iko ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, hawa na biyu ko na uku. Amma kada ya kashe kuɗi da yawa don taga, gama a tasha jiragen sukan jeru ne gefe da gefe, huɗu ko biyar, ka buɗe labule ka ga bangon jirgin maƙwabci. Har ma sai ka ratsa ta cikin jiragen wasu kafin ka kai naka. Ainihin kallo a kan rufin jirgi yake, wannan kuwa na kowa ne.

Can ne na ga abin da ya biya ni wahalata. Jirgi yana tafiya a hankali, babu girgiza ko kaɗan, kofin shayi ba ya motsi. Dama da hagu ga gonakin rake da ayaba da dabino kore shar, ga yara suna ɗaga hannu, ga manomi da jakinsa. Ka ɗaga ido kaɗan bayan gonakin, sai rairayi da duwatsu tsirara, ko ciyawa babu. Shekara da shekaru ina koya wa yara cewa rayuwar Masar a kan kogin nan take, amma gani ya kori ji.

A Isna akwai madatsa, ruwan gabanta ya fi na bayanta tudu. Sai jirgi ya shiga wani dogon lungu na siminti, a rufe ƙofa a bayansa, a sako ruwa, kana tsaye ka ga bango yana nutsewa kai kana hawa, sa'an nan a buɗe ƙofar gaba. Akan yi layi, wani lokaci na sa'o'i. Muna jira sai ga 'yan kasuwa a ƙananan kwale-kwale, suna jefo riguna da mayafai cikin leda har saman jirgi, a yi ciniki da ihu, in an daidaita ka sa kuɗi cikin ledar ka jefa musu. Maiɗakina ta yi dariya har da hawaye, ta ce ko 'yan tallan tashar mota ba su kai waɗannan naci ba.

A Idfu keken doki ne ya kai mu haikali. A Kom Ombo muka ga haikalin da aka raba biyu, rabi na gunkin kada, da gawawwakin kadoji da aka shafe da magani tun zamanin dā. A nan ne na ji kunya. An ce a komo ƙarfe bakwai. Na tsaya cinikin wata riga, na ce wa uwargida ta yi gaba. Da na dawo duhu ya yi, jiragen sun sake jeri, duk kamanninsu ɗaya, ni kuwa ban riƙe sunan namu ba. Na shiga wannan na fita, na shiga wancan, zufa tana karyo mini cikin sanyin nan. Abin da ya cece ni, ɗan katin da sukan ba kowa in zai sauka, wanda da shi suke gane ko saura wani a waje. Da na tuna da shi na ciro, ashe sunan jirgin yana jiki. Na tarar ana jirana, uwargida tana tsaye a bakin ƙofa. Ta dubi rigar, ta dube ni, ta ce, “Malam, kai da kake tsare 'yan makara a bakin get?”

Game da lafiya, kada a sha ruwan famfon jirgi, a yi hankali da ɗanyen ganye, a wanke hannu kafin kowane abinci. A tafi da gishirin zawo da maganin da aka saba sha, cikin jakar hannu. Daga Aswan akan kai masu so Abu Simbel, wajen kilomita 280, a tashi tun kafin asuba. Haikalin ne da aka yanyanka aka ɗaga zuwa tudu tsakanin 1964 da 1968 don kada ruwan babbar madatsar Aswan ya cinye shi. Kuɗinsa dabam ne. Mu aljihu ya riga ya yi sanyi, ba mu je ba, har yau ina jin ciwon wannan.

Waɗanda 'ya'yansu ke Turai ko Amurka, mai yiwuwa jirgin teku za a gayyace su, a Bahar Rum ko tsibiran Karibiyan. Wannan wata duniya ce. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, tsawonsa wajen mita 365 ne, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600. Irin waɗannan ba sa jiran wanda ya makara kamar yadda aka jira ni. Sai ya bi jirgin zuwa tasha ta gaba da kuɗinsa. Sukan kuma tsaya a ƙasashe dabam dabam, saboda haka a bincika bizar kowace ƙasa tun da wuri. Na goro a can akan rubuta shi cikin lissafin ɗaki kowace rana, likitan jirgi kuma ba kyauta ba ne, lalle a yi inshora. Yawancinsu ba sa ɗaukar mai cikin da ya kai mako 24, ko jariri ƙasa da wata shida. A Karibiyan lokacin guguwa daga Yuni ne zuwa Nuwamba. Mai saurin jiri ya nemi ɗaki a tsakiya, ƙasa-ƙasa.

In aka kira ku koyon sa rigar ceto da sanin wurin taruwa, kada ku ɗauke shi wasa. Ran 13 ga Janairu 2012 jirgin Costa Concordia ya bugi dutse kusa da tsibirin Giglio a Italiya, mutum 32 suka rasu, alhali ɗaruruwan da suka shiga a ranar ba a riga an nuna musu inda za su nufa ba. Bayan wannan ne aka tsananta doka, a yi wannan koyarwa tun a tasha ko da zarar jirgi ya tashi.

Rigar nan ta Kom Ombo kuwa, wankin fari ta tsuke. Ɗanmu na biyu ne yake sa ta yanzu.