Shuɗin Ɗigo a Allon Tankar Yaƙi

A yaƙin Tekun Fasha na 1991, sojojin Amurka 148 ne suka mutu a fagen daga, kuma 35 daga cikinsu wutar 'yan uwansu ce ta ci su. Ga duhu, ga ƙura, ga hayaƙi. Mai tanka ya hango wata can nesa, ya ɗauka ta Iraƙi ce, ya sakar mata wuta. Wannan ciwo na cikin abin da ya sa rundunar ta dage sai ta samo hanyar da kowace mota za ta riƙa faɗin inda take.

Na'urar da aka samu ita ce Blue Force Tracking. Ana ɗaura wa mota eriya da kwamfuta mai jure jijjiga. GPS ya gaya mata inda take, ita kuma ta aika wa tauraron ɗan'adam, daga can labarin ya sauko cibiya a rarraba wa sauran motoci. Kwamanda na duba taswirar allonsa zai ga nasa a shuɗi, abokan gaba a ja, ya kuma rubuta gajeren saƙo ko da oba-oba ta daina kamawa.

Da farko rediyo aka dogara da shi, ba tauraron ɗan'adam ba, sai duwatsun Bosniya da Kosobo suka riƙa tare shi. Abin dariya, mafitar daga wajen direbobin tirela ta fito: sojoji suka aro tsarin OmniTRACS na kamfanin Qualcomm, wanda masu jigilar kaya a Amurka ke bin sawun motocinsu da shi.

Yaƙin Iraƙi ne ya gwada Blue Force Tracking sosai a 2003. A ƙarshen Maris guguwar rairayi ta turnuƙe yankin Najaf, direba ba ya ganin motar da ke gabansa, amma masu allon sun san inda kowa yake.

Sai dai allon na da tasa makantar. Shuɗin ɗigo da kansa yake motsi, jan kuwa sai wani ya ga maƙiyi ya shigar da shi da hannu, in maƙiyin ya tashi daga wurin ɗigon na nan zaune yana yaudarar mai kallo. Shuɗin ma kan makara da mintoci, tankar da ke gudu ta riga ta yi nisa. Wanda ba a ɗaura wa na'urar ba kuwa, kamar babu shi. Ranar 23 ga Maris, ayarin kanikawan soja na rukuni na 507, wanda ba shi da ita, ya ɓace hanya ya faɗa cikin Nasiriyya. Aka kashe sojoji 11, aka kama wasu, ciki har da Jessica Lynch.

A 2010 aka bai wa kamfanin ViaSat kwangilar zubi na biyu mai saurin aika bayanai. Matsalar yau ta daban ce: a yaƙin Yukiren, na'urorin Rasha na toshe siginar GPS ɗin da tsarin ya dogara a kai.